Kadidiya Aghali da Layar Wuyan Kyalla

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 15 ga watan Yulin 2025, da hantsi, Allah ya karɓi ran Dokta Kadidiya Aghali, malamar jami'a mai bincike a kan tsaron na'urori da saƙonnin da ke tafiya ta iska. Motar da ta ɗauko ta daga Tawa ce ta kife a hanyar Tebaram, a wani wuri da ruwan sama ya cinye gefen hanya. Direba ya fita da rauni, tsohon badukun da ke tare da ita ya karye a hannu, ita kuwa kwananta ya ƙare. Ni Zaliha Jibrilla, ƙawarta tun muna lakwal, wato makarantar boko, ni na karanta sanarwar rasuwarta a gidan rediyon da nake aiki. Na sha karanta sanarwar mutuwa, amma ban taɓa jin harshena ya yi mini nauyi kamar ranar ba.

Kadidiya, yau da ke zan yi magana, ko da ba za ki amsa ba. Kin san ni da surutu, kuma ke kaɗai ce kike iya cewa in yi shiru in yi.

Tun muna yara hannunki ba ya zama. Na tuna ranar da kika kwance rediyon mahaifinki don ki ga inda mutanen ciki suke zaune, kika sha faɗa, washegari kika mayar da shi ya ci gaba da magana. Da kika dawo daga karatu da digirin dokta, na zaci za ki yi mana nisa. Ina! Sai ga ki a kasuwa kina karɓar salular mata masu sayar da albasa kina sa musu makulli, kina yi musu faɗa kamar ke kika haife su. Ni kam na sha nawa. Da kika gano lambar sirrin salulata shekarar haihuwata ce, dariya kika yi har da hawaye, kika ce duk wanda ya ci tuwon sunana ya san ta. Wani attajiri kuma ya taɓa zuwa har gida yana roƙon ki buɗe masa salular matarsa. Kika ba shi ruwa ya sha, sannan kika ce kin koyi yadda ake ɓalle ƙofa ne don ki gyara ta, ba don ki raka wani ciki ba. Ya tafi yana ƙunƙuni, ke kuwa ko sunansa ba ki taɓa faɗa mini ba.

Amma abin da ya fitar da ke hanyar Tebaram shi nake so mutane su sani, domin ya shafi gidanmu, kuma shi ya hana ni sukuni tun bazara.

Shekarun baya wani shiri na taimakon makiyaya ya rarraba wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce kwalin ashana ba. Ana rataya ta a wuyan saniyar da ke jan garke, ita kuma tana aika saƙo ta iska zuwa eriyoyin da aka kafa a manyan rijiyoyi, mai garke ya ga inda dukiyarsa take a salula. An ce maganin ɓarayin shanu ce. Mutanen Barmu da Bambai da Tebaram suka yi rububinta. To, kun san mutanenmu: abu mai daraja ba a barin sa tsirara a wuyan dabba. Sai aka kai wa dukawa suka ɗinke ta cikin fata. Da yake kuma kowane garke na da layarsa ta tsari da aka gada, mutane da yawa suka ce a haɗa su gida ɗaya, laya da na'ura, a ɗinke. Babanmu, Allah ya jiƙansa, yana cikinsu. Shi da kansa ya zauna gaban Ciɗo baduku har aka gama ɗinkin, ya yi addu'a, ya rataya a wuyan Kyalla, uwar garkenmu, ya ce wa yayana Ma'azu kada a kuskura a buɗe. Baba bai ga damina ta gaba ba.

Ke kika gano cutar. Kin aro na'ura ɗaya, kika zauna da ita ke da abokin aikinki Suleyman, sai kuka tarar dukkansu makulli ɗaya ne da su, kamar a ce gidajen unguwa duka mabuɗi ɗaya ke buɗe su. Duk wanda ya samu guda ya ciro makullin, ya sayi 'yar eriya mai araha, zai iya tsayawa bisa tudu da moto, wato babur, ya ji kowace saniya tana faɗin inda take. Makiyayin da ko surukinsa ba ya gaya wa kwarin da zai kwana, ga shi saniyarsa na shela. A wannan bazarar an kwashe garke biyu a arewacin Barmu, a lungunan da ko mu 'yan ƙasa ba kowa ya san su ba, aka kuma kashe mutum guda. Duka biyun suna da na'urar. Na ce miki shi ke nan, ta tabbata. Kika ce a'a, ba ki da hujjar cewa ta nan aka bi, abin da kika sani kawai shi ne ana iya bi. Haka kike, ba kya ƙara wa magana gishiri ko da gishirin zai taimake ki.

Ranar da kika gaya mini, zumbur na miƙe zan tafi rediyo in shelanta. Kika riƙe mini zane.

"Zaliha, rediyonki ɓarawo ma yana saurare. Wanda bai sani ba, ke za ki koya mishi."

Wallahi na ji haushinki ranar. Amma gaskiyarki ce. Kin rubuta wa kamfanin da ya ƙera na'urar a asirce, suka yi ta jan ƙafa, daga baya suka aiko da hanyar gyara: a buɗe kowace na'ura, a jona mata waya, a ba ta makullinta ita kaɗai. Su a can gani suke aikin minti kaɗan ne. Ba su san an ɗinke ta da laya ba, kuma a nan laya ba a buɗe ta, in an buɗe an ce ta karye.

Da wani ne mai irin iliminki, da sai ya tsaya yana yi wa mutane kallon jahilai. Ke ba ki yi ba. Kin je wurin malaman da mutane ke jin maganarsu, kika yi musu bayani a ɓoye, suka yarda cewa in fatar waje kaɗai aka warware ba a taɓa rubutun ciki ba, babu abin da ya karye. Kika ɗauki Ciɗo, tunda hannunsa ne ya yi yawancin ɗinkin, kuka shiga ruga-ruga da ƙauye-ƙauye cikin zafin nan na bazara. Shi ya warware a gaban mai dabba, ke ki gyara, shi ya mayar ya ɗinke. Inda ba sa jin Hausa sosai ki juya harshe zuwa Tamashek na mahaifiyarki. Ba ki taɓa tara jama'a kin faɗi dalili ba, sai dai ki ja mai garke gefe ki raɗa masa. Kin yi baƙi, kin rame, ina tsokanarki da cewa mijinki zai kawo ƙara rediyo.

Duk suka yarda, sai mutum ɗaya. Yayana. Ma'azu ba mugu ba ne, amma in ya kafe ko raƙumi ya san da zamansa. Kin same shi a gidanmu, kika durƙusa kika gaishe shi yadda kika saba tun muna yara, kika yi masa bayani dalla-dalla. Ya saurare ki har ƙarshe, sannan ya ce:

"Ƙanwata, na ji ki, kuma ban ce ƙarya kike ba. Amma wanga ɗumki Baba ya sa aka yi shi, ya ce kar a buɗe. Da yana da rai sai in tambaye shi."

Kika ce to a cire gaba ɗaya a ajiye a gida. Ya ce layar garke ba ta kwana a ɗaki alhali garke na daji. Ni na yi ta masifa, na yi kuka, na ce masa Baba bai san abin zai zama haka ba. Ke kika hana ni. Kika ce mutumin da ke riƙe da maganar ubansa ba a tura shi, lallashinsa ake yi, za ki sake komawa. Kafin ki koma ruwa ya sauka, manoma suka yi shuka, garkuna suka yi arewa don su ba gonaki wuri. Ma'azu ya bi su da Kyalla a gaba, ya shiga inda babu rezo, waya ba ta shiga.

Daga nan hankalina bai sake kwanciya ba. Da yake an gyara sauran duka, saniya ɗaya ce ta rage tana magana da tsohon makulli a duk faɗin dajin nan, kuma tamu ce. Duk mai saurare, ita kaɗai zai ji. Suleyman na da izinin duba taswirar shirin, sai in je ofishinku in tsaya a bayansa, mu ga ɗan ɗigon Kyalla ya bayyana duk lokacin da suka kusanci rijiya mai eriya. In na gan shi in ce alhamdu lillahi suna nan, sai kuma in tuna cewa abin da nake gani wani ma na iya gani. Da ɗigon ya nuna a wata rijiya da mota ke iya kaiwa daga Tebaram, kika ce dama ta samu. Kika ɗauko Ciɗo, kika biyo ta gidana da safe kina cewa in kwantar da rai, wannan karon ko kwana za ki yi a rugarsa sai ya yarda. Ban ma fito na raka ki bakin mota ba, ina ɗora tukunya a wuta.

Bayan an kai ki makwanci, ina zaman makoki jikina na gidanku, raina na daji. Ana ta shigowa gaisuwa, ni kuwa duk wanda ya fito daga arewa sai in tsura masa ido. Aka ce an ga masu moto a wajajen rijiyoyin. Rannan sai Suleyman ya kira ni gefe, fuskarsa ba daɗi, ya ce ɗigon ya ɓace, kuma ya kamata a ce ya nuna. Ban tambaye shi ma'anar hakan ba. Na san ɓarayi in sun kwashi garke abin wuyan suke fara yankewa. Na zauna a tsakar gidanku ina tunanin yadda zan shiga in gaya wa innarmu cewa na rasa ƙawa kuma na rasa wa.

Ranar sadakar bakwai, ana cikin addu'a, aka yi sallama a ƙofar gida. Muryar na sani. Ma'azu ne, rawaninsa ya yi jawur da ƙasar hanya. Ashe wani da ya ji sanarwata a kasuwar Tebaram ya kai labari rijiya, ya ce wata malama ta rasu a hanya ita da baduku a mota. Ma'azu bai buƙaci a gaya masa wurin wa za ki ba. Bayan an shafa fatiha ya matsa gaban mijinki Alhusaini, ya zaro abu biyu daga aljihu ya ajiye bisa tabarma. Ɗaya layar gidanmu ce. Ɗaya na'urar ce, ya farfasa ta da dutse. Da wuƙarsa ya yanke ɗinkin.

"Baba ya ce kar a buɗe, na buɗe," in ji shi. "In na isa can, ni ka ba shi amsa. Ita dai ku roƙa mini ita gahwara."

Ya sa haɓar rawani ya rufe fuska. Tun da nake ban taɓa ganin Ma'azu ya yi kuka ba, ko ranar da aka binne Baba.

Shi ya sa sai yau na buɗe baki, Kadidiya. Na riƙe miki amanar har saniyar ƙarshe ta yi shiru, kuma ko yanzu ban faɗi sunan na'urar ba, kamar yadda kika koya mini. Amma ba zan ce raina ya kwanta ba. Ma'azu ya koma daji, kuma ɓarawo bai rasa wata hanyar ba. Kullum sabon abu na shigowa ƙasar nan, a salula, a famfo, a wuyan dabba, muna karɓa da hannu biyu muna godiya. Wa zai riƙa kwance su ya duba mana abin da suke faɗa a kanmu, ya kuma san yadda ake durƙusawa a yi wa mai laya bayani? Suleyman ya ce zai ci gaba. Allah ya dafa masa, amma nauyin da kika sauke ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ina jin tsoro.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifiyarki Inna Tanna, da mijinki Malam Alhusaini, da ɗiyarki Nusaiba, da ɗalibanki da abokan aikinki. Allah ya ba su haƙurin rashinki, ya ba Ciɗo lafiya. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya sa tafiyar nan da ba ki ƙarasa ba ta zama cikin mizaninki. Kin ƙare rayuwarki kina rufa wa mutane asiri, har da waɗanda ba su san nasu a buɗe yake ba. Ya Allah, ka rufa wa Kadidiya nata ranar da asirai za su tonu. Amin.