Ƙullutun Bayan Kunnen Miriam

Duk mai bin layin teloli na Gyadi-Gyadi ya san Rifkatu, 'yar Zonkwa mai keken ɗinki a bakin ƙofa. Ta zo Kano shekarar da soja suka miƙa mulki, mijinta yana koyarwa a wata firamare a Tarauni. 'Yarsu Miriam ta kai shekara uku ko kwano aka yar a bayanta ba ta waiwaye. Wata ƙungiyar coci ce ta kai ta ƙasar waje aka dasa mata na'urar ji, rabi ƙarƙashin fata a bayan kunne, rabi a waje. Ranar da yarinyar ta fara jin ƙarar keke, Rifkatu ta yi ta taka shi ba zare har la'asar.

Miriam na shekara bakwai ciwon maƙogwaro ya sa ta a gaba. Maƙwabciyarsu Lami ta ce a kira wanzami kawai a huta. Rifkatu ta yi dariya ta nufi asibiti. Likita ya ce sai an cire tsokokin nan biyu na gefen maƙogwaro, ƙaramin aiki ne, da wuƙar lantarki yake yi.

Rifkatu ta tuna masu dashen sun ja mata kunne cewa irin wannan lantarkin yana iya kashe na'urar, jin kuma ya tafi. Da ta faɗa, sai nas ta zare ɓangaren waje ta miƙa mata, ta ce ai ga shi an cire.

"Sista, wannan murfi ne kawai," in ji Rifkatu. "Likita, don Allah taɓa nan."

Ya ɗora yatsa a bayan kunnen, ya ji ƙullutu. Rifkatu ta warware ɗinkin cikin jakarta, ta zaro katin da masu dashen suka ba ta. Sau biyu ya karanta, ya yi mata godiya, ya ce da almakashi da zare zai yi, irin na da.

Da Miriam ta farfaɗo, Rifkatu ta maƙala mata na'urar, ta koma bayan gado ta kira sunanta a hankali. Yarinyar ta waiwayo tana yamutsa fuska. Rifkatu ta daka tsalle har ɗankwali ya faɗi.

Lami, da ta kawo kunu, ta ji yadda aka yi aikin.

"To Maman Miriam, ashe likitan naki ma wanzami ne, farar riga kawai ya ƙara."