Ruwan da Akori-kurar Malam Ke Sha

A shekarun da kayan gyaran mota suka yi wuya, har mutum kan yi sati yana yawo a birni bai sami abin da yake nema ba, maigidana Malam yana da wata tsohuwar akori-kura. Da ita yake kwashe tumatirinmu daga gona, can bayan Kura, ya kai bakin titin Zariya inda manyan motocin kudu ke lodi. Wanda ba shi da mota, dillali ke samunsa har gona ya yanka masa farashin da ya ga dama. Motar nan ce ta raba mu da wannan wulaƙanci, kuma bayanta ba mu da wata kadara.

Ban taɓa leƙa injinta ba. Amma a jikin katangar madafina take kwana, saboda haka na san muryarta kamar yadda na san tarin 'ya'yana. A sanyin wata shekara muryar ta canza. In Malam ya dawo daga masallaci ya tashe ta, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, tana ɗingishi, tana neman mutuwa. Farin hayaƙi ya tsallako katanga, kuma ba ƙaurin fetur yake yi ba, ya fi kama da tururin tukunya. Kafin in gama dama koko ta saisaita, ta koma kamar ba ita ba.

A wajenmu ba a lissafin ruwa. Ga kanal nan cike a ko'ina, duk direban da ya zo gada sai ya tsaya ya kamfata ya ɗura wa lagireto, bai san ko nawa ya zuba ba. Amma da sanyi Malam ba ya yarda a ba injin ruwa mai sanyi da safe, sai in ɗumama masa tare da na alwala. Ta haka na zama ni kaɗai na san cikinta. Da farko rabin buta take sha. Ta koma buta guda. Kafin tumatir ya nuna sosai ta kai uku. In ya tafi na leƙa inda ta kwana, ƙasa a bushe ƙayau. Abin da na riƙe daga karatun sakandare ba shi da yawa, amma na san ruwa ba ya ɓacewa haka kawai. In bai zuba a ƙasa ba, to yana ciki.

Bakaniken motar kawun Malam ne, ƙanin mahaifiyarsa, daga Garun Malam yake zuwa. Dattijo ne mai kirki, ya san aikinsa, sai dai ba ya isowa sai hantsi, lokacin motar ta je gona ta dawo ta yi zafi. Bai taɓa jin ta da sanyin safiya ba. Zuwan farko ya canza filogi. Na biyu ya wanke kafireto. Na uku ina bayan ƙyauren zaure, na kawo musu fura, ina jin su.

"Kai ɗan nan, motar nan lafiyarta ƙalau. Ji yadda take kiɗa."

"Kawu, da asuba ne take yi."

"Ni ma da asuba haka nake yi. Tsufa ne. Tana shan ruwa?"

"Kamar kowace mota dai."

Suka yi dariya. Kawu ya ɗan ƙara mata wuta don kada ta riƙa mutuwa a tsaye. Maganar tana bakina, amma ba a jin muryar matar gida a zaure, balle gaban suruki. Na tura kwanon furar na koma.

Da yamma na faɗa wa Malam. Bai raina ni ba, Allah ya ji ƙansa, ba halinsa ba ne.

"Buta uku?"

"Uku, Malam. Kuma ba ta zubarwa."

Ya ce in haka ne, ruwan yana tsiyaya cikin injin ne in ta kwana, shi take fama ta ƙone da safe. Gyaransa sai an buɗe kan injin, a shiga birni neman kaya, sati guda ko biyu.

"'Yar boko, tumatir zai jira ni sati biyu? Kuma in je in ce wa Kawu me, mai ɗakina ta ce ka yi kuskure? Bari mu kwashe na wannan makon."

Na dai ƙara tsawon sujada.

Kwana huɗu motar ta ƙara yi. A na biyar an tsinke babban ɗiba tun yamma, an yi lodi, kwanduna har saman ƙarfe, ta kwana da kayanta a ƙofar gida. Da safe Malam ya murɗa makulli, ta yi ƙyas sau ɗaya ta tsaya. Ya sake, haka. Masu fitowa daga masallaci suka ce batir ne, sanyi ya kashe shi, a tura. Haka ake yi wa kowace mota, kuma taimako suka yi nufi. Ina tsaye da ludayi a hannu na ji sun gangara da ita wajen hanyar kanal suna salati. Sai na ji ƙara guda, mai nauyi, kamar an sauke taɓarya a kan dutse. Daga nan shiru.

Kawu ya zo da hantsi. Malam ya ba ni labari daga baya cewa da ya kwance filogi na uku, ruwa ne ya biyo shi. Ruwan ya cika ramin filogin cikin dare, turin ya sa ƙarfen da ke hawa da sauka a ciki ya doke shi, ƙarfen ya lanƙwashe, ya fasa jikin injin. Dattijon ya zauna a ƙasa, ya ce da wani ya gaya masa tana shan ruwa haka, da bai bari ta ƙara kwana ba. Malam bai gaya masa na faɗa ba. Ni ma har Kawu ya rasu bai ji daga bakina ba.

Ranar ba a sami motar haya ba, kowa na fama da nasa. Washegari dillali ya zo ya danna tumatirin da yatsa, ya zaɓi kwando shida ya tafi. Sauran aka shigo mini da shi tsakar gida. Ni da matan maƙwabta muka zauna da wuƙaƙe muna yankawa muna shanyawa, rabi yana narkewa a hannu, ƙudaje sun rufe mu. Kwana uku yatsuna suna zogi.

Ba a sami injin da za mu iya saya ba. Masu kayan gwangwan suka zo da damina suka kwance ta a inda take. Da rani ya zagayo, Malam ya bar wa wani rabin gonar, ya noma sauran, da tumatir ya nuna ya tsaya a bakin kunya da hularsa a hannu, yana jiran dillali ya gama dubawa ya faɗi abin da zai bayar.