Dillalin da Ke Gyaran Kilingon

A rumfar mai shayi da ke bakin kasuwar shanu ta Maigatari, wani dillali yana zaune. Dogo ne, gemunsa ya fara furfura, ga jan biro maƙale a kunne irin na malaman makaranta na da. Sandarsa na jingine, idonsa na kan waya, yana kwafe wasu layuka cikin ɗan littafi da rubutu mai tsabta.

"Alhaji, yau ma yaren nan naka na shaƙewa?" in ji mai shayin.

"Kilingon sunansa, Baffa. Don fim aka ƙirƙire shi, amma yana da ƙa'ida."

Da alama ya daɗe yana koyonsa shi kaɗai, sai bana ya samu ɗaliba ɗaya tak, wata malamar asibiti a Gagarawa. Aikinta ne a gabansa. Ta buɗe da tambayar kwana da gajiya da iyali, duk ta ƙaƙaro su cikin harshen da ba a gaisuwa a cikinsa, sai dai a ce me kake so. Ya soke layi uku, sannan ya ajiye biron. In ya tsananta, tana iya gudu, ya koma magana da kansa.

Ya gyara murya, ya danna wurin ɗaukar saƙo.

"Malama Juwairiyya, ina wuni? Ina gajiya? Ya maigida da yara? Ya haƙuri da zafi? Madalla. To, gyara na farko: a daina gaisuwa."