Sunan Yaya a Jikin Leda

Ana idar da sallar asuba muka bar Gumel, ni da yayata da 'yarta. Yaya ta fi shekara ashirin tana gasa burodi a bayan gida, ba suna ba tambari, har wasu suka fara sayar da nasu suna cewa nata ne. Shi ya sa muka nufi Kano, mu sayo injin kwaɓi, mu kuma bugo leda mai sunanta. 'Yar ta dage a sa “Lady” gaban sunan. Yaya ta ce wannan ai na matan gwamnoni ne, ba za a mai da ita abin dariya a kasuwa ba, gara a fasa ledar gaba ɗaya. Har Gezawa suna musu, direba na kauce wa ramuka. Ni dai na bar su da musunsu, don na san Yaya ba a tursasa ta.

A Bompai muka fara tsayawa. Mai injuna ya ga babbar rigata, sai “Alhaji ku duba wannan” yake, ko kallon Yaya bai yi ba. Da ya faɗi farashi sai da na gyara zaman hulata. Aka zuba fulawa don gwaji, sabon inji ya yi ta juyi, na ce ai ya yi. Yaya ta gutsuri kwaɓin, ta ja shi da yatsu, ya tsinke.

“Wannan wasa yake da gari,” in ji ta. “Ku kunna mini wancan tsohon.”

Tsohon kuwa ya ba da kwaɓi mai danƙo, shi muka saya. Nan take mai injuna ya koma kiran Yaya “Hajiya”, ni na koma mai riƙon jaka. Wallahi na ji daɗi har cikin raina.

Daga nan sai Challawa neman kwalaye. Tun daga nesa warin jima ya tare mu, ga tireloli sun cushe hanya. Muka zauna a ƙofar wata masana'anta muna cin gurasa da ƙuli cikin leburorin Jigawa, 'yan uwanmu. A nan na ga lokaci ya yi. Shekara talatin na yi ina koyar da Turanci, abin da na sani na san shi. Na ce wa Yaya asalin “Lady” kalmomi biyu ne na tsohon Turanci, burodi da mai kwaɓawa. Uwargidan da ke kwaɓa abin da gida zai ci, ita ake kira haka. Daga baya ne ya zama laƙabin mata da 'ya'yan masu sarauta. Maigidan ma, “Lord”, asalinsa mai tsaron burodi ne kawai.

Yaya ta dubi hannayenta, duk tabon ƙunar tanda.

“Wato namu ne suka ara?”

“Naku ne, Yaya.”

“Ka sani, shi ne ka bar mu muna ta sa-in-sa tun daga gida?”

A Sharada mai buga leda ya ja kunnenmu cewa da zarar an zana tambari ba a sake shi. Ya miƙo mini takarda. Yaya ta karɓe, ta ba 'yarta, ta ce a rubuta “Lady” gaban sunanta da manyan baƙi, a kuma zana hannu biyu cikin kwaɓi, kada wani ya zaci a kujera ta samo shi.

Da magariba muka iso gida, inji ɗaure a saman mota, samfurin leda a cikin jakar Yaya. Tafiyar nan ta nuna mini cewa ba na buƙatar nuna wa Yaya darajarta, a Bompai ma ita ta nuna mana. Washegari na leƙa bayan gida, na tarar inji na aiki, amma kwaɓin farko da hannu take yi. Ta ɗago ta ce, “Mai tsaron burodi, kore mini kajin nan.”