Yaya Maina, Wanda Ya Tayar Mini Da Injin Jirgi A Cikin Duro

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina idar da sallar walaha yau aka kira ni daga Potiskum, wai Yaya Maina Bakanike na Yerimaram ya riga mu gidan gaskiya.

Da hannuna ɗaya nake latsa wannan saƙo, ku yi haƙuri da tsawonsa.

Yawancinku kun san ni da Soja Mai Fito. Kaɗan ne suka san wanda ya ɗora ni a kan ruwa.

Na dawo daga yaƙi a farkon shekarun saba'in babu hannun hagu. Noma ya gagare ni. Kullum sai in je garejin Yaya Maina in zauna a kan tsohuwar taya, ina kallon direbobin shanu suna shiga suna fita. Bai taɓa yi mini kallon tausayi ba. Sai dai ya ce, "Soja, miƙo min sifana, hannu ɗaya ma hannu ne."

Wata rana motar kifi ta sauke masa wani tulin tsatsa da danginsa suka aiko daga Baga. Tsohon injin jirgin ruwa ne, irin wanda ake maƙalawa a bayan kwalekwale. Ya ce, "Wannan naka ne. Da damina mutanen wajen Ngalda ba su da hanyar ƙetare kogi sai fito. Injin nan yana da kik, maɓalli kawai za ka danna, ba sai ka ja igiya ba."

Wata biyu yana kansa. Ya kwance shi kaf, ya wanke, ya haɗa, ya shafa masa koren fenti har shafi uku. Mutane suna wucewa suna dariya: "Maina, a wane kogin Potiskum za ku tuƙa shi?" Shi kuwa ya cika duro da ruwa, ya tsoma ƙafar injin a ciki.

Ya ja igiya, inji ya tashi, ya kashe shi. Na danna maɓalli, sai ya yi "gur... gur..." kamar rago mai mura, ya yi shiru.

Igiyar nan sai mutum ya dafe inji da hannu ɗaya ya ja da ɗayan. In ya mutu mini a tsakiyar kogi da mata da yara a ciki, me zan yi? Ga damina ta kawo kai.

Muka ce batir ne. Aka ciro na babbar mota aka sa, bai canja ba. Ya buɗe kik ɗin, ya goge, ya canja burushin wutar da ke cikinsa, ya mayar. Gur... gur. Kwana huɗu muna abu ɗaya. Wani bakanike ya leƙo ya ce kik ɗin ya gama yayi, a haƙura.

Na ce, "Yaya, ka sayar da shi kawai. Allah bai yi ba."

Ya ce, "Allah ya gaya maka? Danna, kar ka saki sai na ce."

Na danna. Ya rufe ido, yana bin wayar batir da yatsunsa tun daga kai har inda baƙar wayar ta ɗaure da jikin inji. Yana taɓa notin da ya riƙe wayar sai ya fizge hannu yana yarfewa. Wurin ya ɗau zafi.

Sai ya fashe da dariya, har ya zauna a ƙasa.

"Soja, ni ne mai laifin! Kwalliyata ce ta tare wuta. Na ɗaure waya a kan fenti."

Ya kwance notin, ya kankare fentin da wuƙa, ya bi da samfefa har ƙarfen ya yi fari fat, ya ɗaure tamau. Ya ce, "Bismillah."

Na danna sau ɗaya. Wallahi ban gama dannawa ba inji ya ɗauka! Ruwan duro ya yi sama, ya jiƙa mu sharkaf, hayaƙi ya turnuƙe garejin. Masu dariyar nan su ne suka fara kabbara. Na kashe, na sake tayarwa. Na kashe, na sake. Sau goma na yi, yana tsaye yana kallona, rigarsa na ɗigar ruwa.

Shi da kansa ya raka ni bakin kogi, kuma shi ne fasinjana na farko, duk da bai iya ruwa ba. Ya ƙanƙame gefen kwalekwale yana cewa, "A hankali, Soja, ina da iyali."

Damina goma sha ɗaya na yi da injin nan. Na ƙetarar da masu naƙuda, da amare, da buhunan gero. Da shi na yi aure, da shi na sa 'ya'yana a makaranta.

Haɗuwarmu ta ƙarshe bayan sallar layya ce. Idonsa ya riga ya tafi. Da muka gaisa bai saki hannuna ba, ya shafa yatsuna, ya ce, "Farcenka ya yi tsawo. Wa ke yanke maka yanzu?" Ya sa aka kawo abin yankan farce. Da lalube ya yanke mini su duka biyar, bai ji mini ciwo ko ɗaya ba.

Ya Allah, ka ji ƙan Yaya Maina. Ka yafe masa, ka haskaka kabarinsa, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba iyalinsa haƙuri.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa Ƙulhuwallahu ƙafa uku. Ni da hannu ɗaya zan ɗaga, ku taya ni da naku.