Ka, Ki ko Ku: Kalmar Sirrin Kawu Modu

Ranar Asabar, ƙarfe huɗu da rabi na yamma, kwana tara bayan rasuwar Kawu Modu, mu uku muka zauna a shagonsa na gyaran kwamfuta da ke Azare: ni, da matarsa Hajiya Yagana, da babban ɗansa Bukar. Kwamfutarsa na gabanmu a kunne, da filasta manne a kan idon kyamararta.

Duk wanda ya san Kawu ya san filastar nan. Kwali guda yake yawo da shi a aljihun gaba. Ka miƙa masa wayarka ya duba maka wani abu, za ta dawo da ido a rufe. Ranar sunan 'yata sai da ya manna wa wayar liman. Liman ya ce, "Malam Modu, ni me zan ɓoye?" Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, kai kana kallonta, su kuma suna kallonka." Ba a taɓa jin ya faɗi ko su wane ne ba. Su dai.

Abin da ya tara mu shi ne muryar Kaka, mahaifiyarsa. Lokacin da na fara aiki a gidan rediyo na ari rakoda na ɗauki hirarta har kaset shida, tana ba da labarin tasowarsu daga Borno, da zamansu a Katagum bakin kogi, har suka yada zango a Azare. Kawu ne ya juye kasakasan a kwamfuta. Bayan shekara biyu ruwa ya shiga ɗakin ajiyata ya lalata na asalin. Na roƙe shi ya ɗora a intanet don tsaro, ya dube ni ya ce, "In kai musu muryar uwata ajiya? Ka san gidansu?" Na ce to ya ba ni a filash. Ya ce filash ɗina ya yi yawon duniya, ba zai shiga jikin kwamfutarsa ba. Haka muka yi ta yi har ya kwanta ciwo.

To ga mu, ga kwamfuta tana neman kalmar sirri. Kawu kuwa ya sha faɗa mana cewa ya saita ta: kuskure biyar, ta goge duk abin da ke cikinta. Bukar ya riga ya ƙona biyu kafin in zo. Ya gwada sunan shagon, ya gwada lambar babur.

Na ce, "Lambar babur, Bukar? Mutumin da ko mai gyaran taya ba ya bari ya karanta lambar?"

Ya ce, "Yaya, ai gwaji ne."

"Saura uku. Ɗauke hannunka."

A ƙasan gurbin rubuta kalmar sirrin akwai 'yar alamar tuni da Kawu ya rubuta wa kansa: Sunan mahaifiyarka? Ina ganinta na tuna ranar da na raka shi buɗe adireshin imel. Da farko shafin ya kawo doguwar yarjejeniya da wurin danna "na amince". Kowa dannawa yake ya wuce. Kawu ya sa tabarau ya fara karantawa daga layin farko. Aka kira azahar, muka je muka dawo, yana shafi na tara. Na ce, "Kawu, ba mai karanta wannan." Ya ce, "Shi ya sa suka rubuta shi da tsawo." Da ya gama ya ce bai amince da sakin layi na sha huɗu ba, ina wurin danna wannan? Na ce babu. Ya ce, "Ka gani ko?"

Daga nan shafin ya nemi ya tabbatar shi ba mutum-mutumi ba ne. Ya kwantar da baya a kujera ya ce, "Jikan Kaka, na'ura ce ke son in rantse mata ni mutum ne? Su su fara rantsewa." Sai aka zo tambayar tsaro, aka ce ya rubuta sunan mahaifiyarsa. Nan ya cire tabarau. "A duk ƙasar Katagum, wa ka taɓa ji yana tambayar sunan uwar mutum in ba boka ba?" Ya kare allon rubutu da hularsa, ya buga wani abu gajere, shafin ya karɓa. Na ɗauka ya haƙura ne ya rubuta.

Saboda haka na ce wa Bukar ya rubuta sunan Kaka, Falmata. Kwamfuta ta girgiza gurbin. Saura biyu. Wannan kuskuren nawa ne, kuma na faɗa a wurin.

Hajiya Yagana ta gyara mayafi ta ce, "Ku ma dai. Malam ne zai ba wani sunan Inna? Ni da na shekara talatin da bakwai a gidansa, in na ce ina za ka, amsa ɗaya ce: ba ruwanki. In na ce me za a dafa, nan ma sai ya yi tunani kafin ya faɗa."

Muka dubi juna. Maganar barin tazara tsakanin kalmomin ba ta taso ba, don dogon maɓallin tazara na allon ya mutu tun shekara biyar, Kawu ya ƙi sayen sabo, wai bai san hannun da sabon ya bi ba. Kafin in buɗe baki Bukar ya buga baruwanka ya danna. Gurbin ya sake girgiza. Saura ɗaya.

Bukar ya share goshi ya ce, "Na gane. Kwamfuta ai mace ce. Ki ne. Yaya, kai ne ɗan rediyo, ba ta ake cewa ba?"

Ta ake cewa, bai yi kuskure ba. A ɗakin labarai da wani zai ce kwamfuta ya lalace, da na mayar masa da takardarsa. Amma na riƙe wuyan hannun Bukar. Kowace safiya kwamfutar nan takan nemi a sabunta ta, kowace safiya Kawu yakan danna "sai an jima", shekara da shekaru. Kuma abin da yake faɗa bai taɓa canzawa ba: "Ni na ce musu ta lalace?" Musu. Bai taɓa yi wa na'urar magana ba. Da mutanen da ke bayanta yake.

Na ce, "Hajiya, in na yi kuskure muryar Kaka ta tafi."

Ta ce, "Kai ka ɗauko ta, kai za ka danna."

Na buga baruwanku da yatsa ɗaya, harafi bayan harafi. Fuskar kwamfutar ta yi duhu na ɗan lokaci, sannan ta buɗe.

Hirarrakin shida suna nan, kowace da lambarta. Muka kunna ta farko. Can wajen minti na goma aka ji ni ina tambayar Kaka halin 'ya'yanta, ta yi dariya ta ce, "Modu kuwa, tun yana goye, ko nono na ba shi sai ya dube ni tukuna." Hajiya ta yi dariya har ta sa bakin mayafi a ido, ba ta sauke ba sai da hirar ta ƙare.

Allah Ya jiƙan Kawu Modu, Ya sa tambayoyin kabari sun zo masa da sauƙi, Ya ba shi ikon amsa su kai tsaye. Allah Ya haɗa shi da Kaka a Aljanna.

Washegari na juye hirarrakin a wuri uku. Bukar ya sayi sabon allon rubutu. Filastar kuwa har yau tana kan kyamarar.