Lambun Kawu a Wushishi

Ana idar da sallar asuba muka bar Tudun Fulani a Minna, ni da wani abokina, tsohon malamin gona. Kawuna ne ya kira ni daga Wushishi, ya ce lambunsa ba lafiya, in zo da magani. Na sayi kwalba biyu ta maganin feshi. Abokin nawa ya dube su kawai.

Mu huɗu aka cusa a bayan mota, kuɗinta kuwa ya kusa ninka na bara. Daga Maikunkele zuwa Beji, direba ya fi bin gefen titi saboda ramuka. A Beji na sayi ƙosai, mai daɗi, amma ya ƙanƙance kamar goro. Wata mata mai rungume da kaji biyu ta mayar da kafaɗata matashi har Zungeru, kajin suna ta harara ta kamar ni na tsare musu wuri.

Hantsi ya dubi ludayi muka isa. Kawu bai bari mun zauna ba, ya ja mu fadama. Tun daga nesa na ga abin. Ganyen tattasai ya yi dabbare-dabbare, kore da rawaya, ya murɗe. Kokwamba ta karkace, jikinta duk ƙuraje. Abokina ya juya ganye ɗaya, sai ga darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotson ruwan shuka, sun yi cincirindo.

Ya ce, "Baba, su ne ke ɗauko cutar daga wannan shuka su kai wa waccan. Feshi zai rage su, amma wadda ta riga ta kamu ba ta warkewa. Sai a tuge a ƙona, har da ciyawar gefe."

Kawu ya ce, "Malam, wata uku ina ba su ruwa. Ka ce in ƙona?"

"Idan kun bar su, na can ƙasa ma za su bi."

Kawu ya cire hula ya miƙa mini, ya sunkuya ya tuge ta farko da kansa. Muka bi bayansa. Rana ta ƙwalle, bayana ya ƙage, hannuna ya yi kanta. Kafin la'asar fiye da rabin lambun ya zama hayaƙi. Matar Kawu ta kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, muka ci.

Da ya rako mu tasha, ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗan nan, idan ragowar ta yi, zan aiko maka. In ka ji shiru, kada ka tambaya."

Ana kiran magariba muka shigo Minna, ƙafafuna kamar na aro. Na yi wanka na zube a tabarma. Shekara da shekaru ina yi wa masu kayan miya tsiya a kasuwa kan tsada, ban taɓa tambayar abin da ya faru da sauran kayan da ba su iso ba. Yanzu na gani da idona, na kuma sa hannu wajen ƙona su. Yau kwana tara ke nan, ban ji daga Kawu ba, ni ma ban kira ba.